Kwalin Dair Zarur

Kafin ku fara zagina a ƙasan rubutun nan, bari in riga ku faɗa: ni na ba shi kwalin. Da hannuna na sauko da shi daga kan kanta, na cusa a ledar kanti, na sauka matakalar gidanmu ina sanɗa, na miƙa wa Dakta Mu'utaz ta tagar motarsa. Ba wanda ya sa ni. Har murmushi na haɗa masa da shi, kun ji abin takaici.

Ga waɗanda yau suka fara bina, sunana Maisun, shekarata ashirin da tara. A tsohon garin Nablus nake, ni da Mama da kakana Ustaz Fakhri, wanda maza ke kira Abu Nizar, ni kuma nake kira Sidi. Nizar ɗin babana ne, ya rasu tun ina firamare. Sidi ya yi shekara talatin da ɗaya yana gabatar da shirin "Me Kakarka Take Cewa?" a rediyo duk ranar Alhamis, har yau in ya ce "salamu alaikum" a kasuwa sai wani tsoho ya waiwayo. Ya kuma yi shekara hamsin yana haɗa ƙamus na maganar ƙauyukanmu, wanda har yanzu bai fito ba. Ƙamus ɗin yana ɗakinsa, cikin kwalayen takalma arba'in da shida. Kowane kati kalma ɗaya. A gaban katin akwai kalmar da ma'anarta da sunan ƙauye, a bayansa kuma wanda ya faɗe ta da inda aka haɗu da ranar. Sunan ƙauyen da yake rubutawa ba inda ya tarar da tsohuwa zaune ba ne, inda aka haife ta ne. Ai su ma haka suke amsawa. Ka tambayi tsohuwar da ta shekara saba'in a sansanin 'yan gudun hijira daga ina take, ba za ta taɓa ce maka sansani ba.

Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Magana tana fita, amma sai ka yi haƙuri da ita. Tun daga nan kullum bayan la'asar nakan ɗauko kwali ɗaya in riƙa karanta masa, yana gyaɗa kai ko ya buga sanda, ni kuma ina shigarwa a kwamfuta. Mun kai na goma sha tara. Akwai ɗaya da ya hana ni taɓawa, koren kwali mai ɗauke da sunan Dair Zarur. Duk abin da ke cikinsa, kati dubu da ɗari da wani abu, daga bakin mutum ɗaya ya fito: kakata Sitti Nazmiyya, matarsa, wadda ta rasu shekara takwas da suka wuce. A bayan katunanta ba ya rubuta cikakken suna, sai "N., tana tuya", "N., tana shanya", "N., tana fushi da ni". Da na taɓa cewa mu fara da shi, ce min ya yi, "Nata sai ƙarshe. Ba na so in gama da ita da wuri."

To wannan kwalin na bayar.

Halti Ni'ima, yayar Mama, ita ta jajibo mana Mu'utaz. A wajen wani biki ta haɗu da uwarsa, kafin a yanka kek har ta aurar da ni. A Dubai ya tashi, a Turai ya yi karatu, bara ya dawo yana koyar da harshe a jami'a. Ranar da ya fara zuwa, ƙamshin turarensa ya riga shi hawowa bene da minti biyu. Kwat ruwan toka, takalmi ba safa, gyale mai baƙi da fari a naɗe a wuya kamar wanda za a ɗauka hoto, da tabarau da daga baya na gano ba na magani ba ne. In zai yi magana sai ya cire shi ya ɗan ciji ƙafarsa. Yanzu in na tuna har tsigar jikina tashi take don haushi, amma a ranar, wallahi, burge ni ya yi.

Ku gane mana. Maza biyu sun zo kafin shi. Ɗaya ya leƙa ɗakin Sidi ya ce, "Duk waɗannan takardun ba sa tara kyankyasai?" Ɗayan ya tambayi Mama ko bayan aure ma kullum sai na zo wajen tsohon. Shi kuwa Mu'utaz durƙusawa ya yi ya sumbaci hannun Sidi, ya ce da muryarsa ya girma, uwarsa tana kama shirin a can. Ya zaro kati ɗaya da yatsu biyu ya ce, "Wannan ba kwali ba ne, Maisun, ƙasa ce." Ni kuma sakarya na tafi kicin ina share hawaye da bakin mayafi.

Wata biyu yana zuwa duk Talata da kunafa mai zafi, kayan zaƙin nan na garinmu, Mama tana rawar ƙafa a kansa. Na ce mata na amince. Sai ranar nan ya turo min saƙo.

"Mimi, tausayinki nake ji. Ke kaɗai da kwali arba'in da shida? Ki ba ni ɗaya da ba ki shigar ba, in taya ki. Sati ɗaya kawai."

Ba wanda ya taɓa ce min Mimi a duniya, ban kuma roƙe shi ya fara ba. Na yi lissafina na wawaye: koren shi ne na ƙarshe, Sidi ba zai neme shi ba sai nan da shekaru. Na ɗauke shi yana barcin rana, na matso da sauran kwalayen suka rufe gurbin.

Sati ɗaya ya zama biyar. In na tambaya sai ya turo hoton fure. "Yana ofis." "Yana gidan mahaifiyata." "Haba Mimi, ba ki yarda da ni ba ne?" Ana cikin haka manya suka tsayar da rana, Juma'a bayan la'asar danginsa za su zo neman aurena a wajen Sidi.

Ranar Alhamis da hantsi muna falo muna naɗe shinkafa a ganyen inabi don abincin gobe, ni da Mama da Halti. Sidi yana kujerarsa ta bakin taga, bargo a cinya, rediyo a gefensa, ido a rufe. Halti ce ta daka tsalle har ta kusa kifar da tiren shinkafa.

"Ku ƙara murya! Surukinmu ne! Wallahi shi ne!"

Shi ne kuwa. Wata yarinya mai gabatar da shirin safe tana ta "Dakta, Dakta" kamar za ta haɗiye makirfon. Ya ce yana shirya littafi, ƙaramin ƙamus na kalmomin da suka kusa ɓacewa, wanda ya daɗe yana wahala a kansa. Ta ce ya ba su misali. Ya faɗi sunan da ake kiran 'ya'yan zaitun na ƙarshe da ake bari a reshe don mai wucewa. Ya faɗi sunan ƙarar da dutsen niƙa ke yi in hatsi ya ƙare a cikinsa. Ya faɗi sunan ɓawon gurasar da ke maƙalewa a tsakuwar tanda, wanda uwa ke ɓoye wa autanta.

Ganyen da ke hannuna ya yage. Wannan ɓawon ni Sitti take ɓoye wa.

Yarinyar ta ce, "Kai, Dakta! A ina ka samo waɗannan?"

"A wani ɗan ƙauye, Dair Zarur."

"Da kanka ka je?"

Ya ɗan yi shiru. Na tabbata tabarau yake cirewa.

"Da ƙafata. Bara da kaka. Na zauna da tsofaffin matan garin a gindin ɓaure, suna ba ni shayi suna ba ni kalmomi. Mutane ne masu karamci, har yanzu ina jin ƙamshin gurasarsu."

Halti ta rangaɗa guɗa. Ita ba ta san komai ba, Halti ko sunan titinsu sai ta yi tunani. Amma Mama ta sani. Shekara ashirin ta zauna da Sitti a gida ɗaya, ta ji sunan Dair Zarur ya fi sau dubu. Na ga hannunta ya tsaya cak a kan tire, ta saci kallon Sidi. Idonsa a rufe, bakinsa a ɗan buɗe, numfashinsa yana tafiya daidai. Ta sauke ajiyar zuciya ta ja ni kicin ta tura ƙofa.

"Kar ki ce komai."

"Mama, kin ji abin da ya ce?"

"Na ji, kunnena lafiya lau. Suɓutar baki ce. Duk namijin da aka sa wa makirfo a gaba sai ya ƙara gishiri."

"Gishiri? Garin da aka rushe tun yaƙin shekarar arba'in da takwas ya je ya sha shayi a cikinsa bara!"

"Ki rage murya, don ubanki! A ina ma ya samu kalmomin?"

Ta dube ni, ta dube ni, sai ta dafe ƙirji ta zauna a kan buhun shinkafa.

"Maisun. Ba dai na Hajiya Nazmiyya ba?"

Na gyaɗa kai.

"Kin kashe mu." Ta miƙe ta gyara ɗankwalinta, kun san Mama ba ta daɗewa a ƙasa. "To shi ke nan ma. Gobe su sha gahawarsu ta neman aure, a karanta Fatiha, kwali ya dawo gida, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Yanzu ki kira shi ki gaya masa gaskiyar ƙauyen, kar wani ya taso da maganar gobe ya kunyata mu."

"Ɓarawo fa za ki ba ni, Mama."

"Ɓarawon me? Takarda? Shekararki nawa? Ni ba zan dawwama ba, kakanki ma ba zai dawwama ba. Ranar da muka tafi kwalayen ne za su ce miki sannu?"

Idonta ya ciko da ta faɗi haka, shi ya sa ban mayar mata ba. Na san tsoro ne ke magana. Na ce mata to.

Na shiga ɗaki na rubuta masa: "Na ji ka a rediyo. Ina son kwalina yau."

Nan take ya amsa. "Kin ji yadda suka so shi? Waya ta ƙi hutawa! Zan sa sunan Ustaz a shafin godiya, kar ki damu."

Shafin godiya. Shekara hamsin ta mutum, da bakin matarsa, a shafin godiya tare da mai buga takardu.

"Yau nake so, Mu'utaz."

"Mimi, gobe i yanzu gida ɗaya muke. Nawa naki ne, naki nawa ne. Bayan Fatiha zan kawo shi da kaina, har da ribon a jiki."

Na fara rubuta abin da Mama ta aike ni. Na rubuta cewa gida arba'in ne ƙauyen, cewa Sitti tana shekara tara aka fito da su da tsakar rana, kakarta a bayan jaki. Na karanta, sai na goge. Na san abin da zai yi da shi. Sati mai zuwa zai koma rediyo ya ba da labarin da rawar murya, yarinyar nan tana miƙa masa hankici. Ya ci kalmominta, ba zan ƙara masa da hawayenta ba. Mutumin da kwali ya kwana talatin da biyar a hannunsa, bai ɗauki minti ɗaya ya nemi sunan garin a wayar da ba ta barin tafinsa ba. Wai malamin harshe. Ban kuma sa ran wani zai ja kunnensa kafin gobe ba, don waɗanda suka san Dair Zarur yawancinsu suna ƙarƙashin ƙasa.

Ga gaskiyar da na yi alkawarin ba zan ɓoye muku ba: na yanke a raina in bari su sha gahawar. In karɓo kwalin tukuna, daga baya in san yadda zan yi da zoben. Ku zage ni, na ji.

Juma'a gidanmu ya koma kamar kanti. An kwaso kujerun roba daga maƙwabta an jera a tsakar gida ƙarƙashin lemon tsami. Tire uku na kunafa a kicin an rufe da leda. Halti ta sa wata doguwar riga ruwan zinariya mai duwatsu da ke kama hasken rana tana jifan idon mutane da shi. Ni Mama ta ajiye min shuɗiya da ta sayo a Ramallah, amma na buɗe sif na ɗauko baƙar rigar Sitti mai jan ɗinki a ƙirji, wadda ta yi min yawa a kafaɗa. Mama ta dubi rigar, ta koma wajen tirenta.

Bayan la'asar suka iso, maza sun kai talatin, kawunsa Hajji Abu Ghalib a gaba da alkyabba mai bakin zinariya. Mu mata muna sama, ni na samu wuri a tagar kicin da ke kallon tsakar gida. Mu'utaz ya zauna kusa da kawun nasa, sabuwar kwat, sabon aski, gyalen nan dai yana wuya. An fito da Sidi an zaunar a tsakiya, da jar hularsa da sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Maƙwabcinmu Abu Ziyad mai sabulu ya zaga da butar gahawa. Kowa ya karɓi ɗan kofinsa ya ajiye a gabansa, ba wanda ya kai baki. Tururi yana tashi daga kofi talatin.

Abu Ghalib ya miƙe ya yi salati, ya yabi gidanmu tun daga kakan kakanmu, ya yabi ɗan ƙanwarsa har na fara tunanin wani ne daban. Ya rufe da cewa, "Abu Nizar, mun zo da buƙata, kuma ba za mu sha gahawarka ba sai ka biya mana ita. Muna neman 'yarku Maisun ga ɗanmu Dakta Mu'utaz."

Kalma biyu ake jira daga Sidi: ku sha. An riga an gama komai, wannan cika al'ada ce kawai. Halti har ta kai hannu baki ta shirya guɗa.

Sidi ya ɗago kai a hankali.

"Dakta."

"Na'am, Ustaz."

"Jiya... na ji ka."

Mama ta damƙi hannuna har farcenta ya shige.

Mu'utaz ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai. "Kunya nake ji, Ustaz. Ni wa, a gaban mai gidan rediyo?"

"Dair Zarur. Ka je."

"Na je, Ustaz. Sau biyu ma."

Sau biyu! Jiya ɗaya ne, kwana ɗaya ya haihu.

"Yaya... hanya?"

"Akwai ɗan gargada daga ƙarshe, amma mota tana shiga."

"Rijiyar gaban masallaci. Tana nan?"

"Tana nan daram. Na ma sha ruwanta, sanyi kamar daga firji."

Wani tsoho a layin baya, cikin mutanensu, ya sunkuyar da kai ya rufe fuska da tafi. Abu Ziyad ya ajiye butar a ƙasa. Abu Ghalib bai san me ke faruwa ba, amma ya shaƙi iskar wurin, ya ce, "Abu Nizar, hira ai tana nan gaba, gahawa tana hucewa."

Sidi bai ko kalle shi ba. Ya gyara zama, ya jingina hannunsa mai lafiya a kan sanda. Ban san daga ina muryar ta fito ba. A hankali take, tana jan ƙafa, amma ita ce, ta ranar Alhamis, wadda nake ji daga ƙarƙashin tebur ina yarinya.

"Alhamdu lillahi. Matata... shekara sittin da takwas tana tambayar rijiyar nan. Tana da tara aka fitar da su. Na kai ta sau ɗaya, a shekarar saba'in da biyu. Ƙaya muka samu, da tarin duwatsu. Ta nemi rijiyar har rana ta faɗi. Ba ta gan ta ba."

Ba ka jin komai sai kukan kurciya a kan rufi.

"Tunda an sake gina garin, Dakta... ka kai ni. Mota tana shiga, ka ce. Ranar da na sha ruwan nan, ka dawo ka sha gahawarka."

Na so ku ga fuskarsa. Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce, "Wato, Ustaz, abin da nake nufi, a ilmance, idan aka ce mutum ya je wuri..." Kawunsa ya juyo ya ce masa, "Rufe mana baki." Ya tattara alkyabbarsa, ya ce wa Sidi, "Allah ya ba da lafiya, Abu Nizar," ya nufi ƙofa. Suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kujeru suna ƙara a kan dutse. Tsohon nan na layin baya ne kaɗai ya tsaya, ya sunkuya ya sumbaci kan Sidi, ya ce, "Uwata 'yar ƙauyen da ke kusa da su ce." Sannan shi ma ya fita.

Kofi talatin a ƙasa, cike, ba wanda aka taɓa.

Halti ta fara, "An tozarta mu! Gobe duk Nablus..." Mama ta zauna kusa da tiren kunafa tana kuka marar sauti. Ni kuwa, Allah ya yafe min, daɗi ne ya fara cika min ciki, irin wanda ban ji ba tun da aka fara maganar nan. Bai kai minti ɗaya ba na tuna inda kwalin yake, sai daɗin ya bi iska.

Abu Ziyad ya taimaka aka mayar da Sidi ɗakinsa. Can na ji bugun sanda sau biyu, kirana ke nan. Na same shi a kujera, ya cire hula, gumi a goshinsa. Maganar nan ta cinye masa ƙarfin sati guda.

Ya ce, "Ɗauko min nata."

Na tsaya a gaban kantar ina kallon kwalaye kamar zan ga kore ya tsiro. Sannan na durƙusa a gabansa, na faɗa masa komai, ledar da tagar motar da murmushin. Ban rage ba.

"Na sani," in ji shi.

"Tun yaushe, Sidi?"

"Tun ranar." Ya ɗaga sanda ya nuna kantar. "Daga arewa zuwa kudu na jera su. Yadda suke a ƙasa. Na farka... na ga maƙwabtanta sun matso sun haɗe. Kin rufe gurbin yadda aka rufe shi a taswira."

Da mari ya yi min da ya fi min sauƙi. Na kifa kai a gwiwarsa, rigar Sitti tana jiƙewa.

"Ka san yana hannunsa, Sidi. Ka san in ka hana shi ba zai dawo da shi ba. Me ya sa ba ka bari sun sha ba? Da na karɓo, daga baya..."

"Ba da ke zan fanso kwali ba."

Ya bar ni na yi kukana. Da na lafa ya ce in buɗe durowar ƙasa. Fararen katuna ne a ciki, ɗauri ɗauri, da roba a jiki, ragowar waɗanda ya saya tun kafin ciwo. Ya ce in ɗauko biro.

"Rubuta."

Ya faɗi ta farko, zaitun ɗin da ake bar wa mai wucewa. Na rubuta, na sa Dair Zarur a ƙasa. Ya ce in juya. "N., a kan tsani, tana ce min in riƙe da kyau." Ta biyu ta zo, ta uku ta zo. A ta huɗu har dariya ya yi da rabin bakinsa, don ranar da ta faɗe ta jifansa ta yi da ludayi. Ta biyar. Ta shida ta ɗan yi gardama, amma ta fito.

A ta bakwai ya tsaya.

"Tana gaban tanda," ya ce. "Da jan ɗankwali. Ta juyo... ta ce..."

Leɓɓansa suna motsi, ba abin da ke fita. Ya rufe ido ya sake buɗewa. Ya dube ni kamar ni ce zan ba shi, ni da ban taɓa buɗe kwalin ba. Kati shida a cinyata, cikin dubu da ɗari da wani abu.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Hoto ne: koren kwalin a kujerar motarsa, murfin a buɗe, an ɗora masa tabarau a kai. A ƙasa ya rubuta, "Ki gaya wa tsohon ya kira kawuna ya ba shi haƙuri kafin Lahadi. In ba haka ba, ni ban san wani kwali ba."

Yau ba Mimi.

"Wane ne?" in ji Sidi.

Na kifa wayar a kan tebur. "Ba kowa. Muna ta bakwai, Sidi. Tana gaban tanda."

"Tana gaban tanda," ya maimaita. "Ta juyo..."

Na juya katin na rubuta "N., da jan ɗankwali" a bayansa. Gabansa na bar shi fari, na riƙe biron a kai, muna jira.